Hannun Sajan na Hagu

Shekara talatin da ɗaya Sajan ya yi yana ba da hannu a mararrabar bakin kasuwa, kuma a tsawon shekarun nan bai yarda da mutum ko ɗaya ba. Ba sharri nake masa ba, shi da bakinsa yake faɗa, har da ɗaga kafaɗa. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka sama da ƙasa tukuna, ya auna ko akwai abin da ka ɓoye a bayan gaisuwar, sannan ya amsa.

Aikin ne ya mai da shi haka. Ya shiga yana ɗan shekara ashirin da biyu, siriri, kaki na yi masa yawa. A makonsa na farko wani direba ya keta hannunsa, da ya tare shi sai mutumin ya fashe da kuka, wai matarsa ce ke naƙuda a bayan mota. Sajan, wanda a lokacin ko igiya ɗaya ba shi da ita a kafaɗa, ya ce maza ka wuce, Allah ya sauke ta lafiya. Motar na gilmawa ya hango bayanta, buhunan albasa ne har rufi. Wata guda cur abokan aikinsa suka yi suna tambayarsa me aka samu, mace ko namiji. Tun daga ranar ya rufe ƙofar tausayi, ya jefa makullin a rijiya.

Bayan nan babu kalar ƙaryar da bai ji ba. Direbobi sun kashe iyayensu mata da baki a gabansa sun fi ɗari, wasu ma sau biyu. Shi ya sa ya kafa wa kansa doka, kuma yakan koya wa sababbin kurata: kada ka saurari bakin direba, dubi tayarsa. In su biyu ne a mota, ka lura, wanda zai yi maka ƙarya sai ya fara duban ɗan'uwansa kafin ya buɗe baki. In kuwa kana son sanin halin mutum na gaskiya, ka laɓe bayan kes ɗin mai jarida, ka ga abin da zai yi in ya zaci ba kowa.

Amma fa ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Dama ce mai kira, hagu ce mai tsayarwa. In ya ɗaga hagun nan cikin farar safa, tirela mai taya goma sha takwas sai ta ja birki tana huci kamar saniya. Mutane kan tsaya a bakin titi don kawai su kalle shi. A duniya ba abin da yake taƙama da shi kamar wannan hannun.

A gida ma bai cire kakin ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama har shi kansa, tela ce, kekenta na nan a baranda shekara da shekaru. Takan ce in ta gaya masa gishiri ya ƙare sai ya buɗe gwangwani ya leƙa. 'Ya'yansu huɗu, uku sun yi nisa, sai Auta da ke aure layi biyu daga gidan, tana aiki a kantin magani. Mijinta direban babbar mota ne, kuma har yau Sajan bai yafe masa wannan laifin ba. 'Yar Auta ɗaya ce, 'yar shekara biyu da wata takwas, ƙarama ce ainun ga ƙiriniya, shi ya sa ake ce mata Tsigi.

Shekara biyu da yin ritayarsa, wata safiya yana ɓalla maɓallin riga, sai yatsunsa suka ƙi. Ya buɗe baki zai kira Mama, maganar ta fito a karkace. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ɗingishi, amma hannun ya naɗe ya manne a ƙirji, yatsu a dunƙule, kamar mai riƙe da ɗan tsako.

Likitar gashi, mai motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, ta gaya masa gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya. Ta ce hannun bai mutu ba, akwai sauran motsi a ciki, amma sai an wahalar da shi kullum. In ya bar shi a haka zai sandare, kuma ranar da ya sandare shi ke nan. Sau biyu Sajan ya je. Likitar yarinya ce sa'ar Auta, ta riƙe masa gwiwar hannu tana ƙirga, ɗaya, biyu, yauwa Baba. A zuwa na biyu ya ɗaga hannun kamar taƙi guda daga ƙirji, yana karkarwa, gumi na tsatsafo masa, sai yarinyar nan ta tafa masa. Tafi fa! Mutumin da ke tsayar da tirela, yau shi ake yi wa tafi don ya ɗaga hannu taƙi ɗaya. Ya ɗauki hularsa ya fito, bai sake komawa ba.

An yi lallashi, an yi faɗa, babban ɗansa ya bugo waya ya fi sau goma. Sajan ya yi kunnen uwar shegu da kowa. Ya ce dama can asibiti ba sa son mutum ya warke. Ba wannan ba ne dalilin, kuma ya sani. Kunya ce kawai. Ba ya iya jure ganin hannun yana rawa, balle wani ya gani. Sai ya samo wani ƙaramin tawul mai ruwan ƙasa ya riƙa yafa shi a kai. Kullum da hantsi yakan zauna a farar kujerar roba a tsakar gida yana shan rana, tawul a kafaɗa, rediyo a gefe, fuska a murtuke. Wata huɗu aka yi a haka, hannun yana ƙara tauri.

Ana nan sai ga Auta wata Litinin da safe, Tsigi a kafaɗa, fuskarta da alamar damuwa. Ta gaishe shi, ta zauna a bakin baranda kusa da keken Mama.

"Baba, jiya na kai Tsigi awo," in ji ta. "Nas ta ce wai tana baya wajen kwaikwayo. Yara sa'anninta in ka yi abu suna yi, ita kuwa ba ta yi. Ta ce a riƙa yi mata wasan motsa jiki kullum da safe, kowa na gida ya shiga, tana gani tana bi."

Sajan ya rage muryar rediyo. "Jiya Lahadi," ya ce. "Ana awo ran Lahadi?"

Auta ta dubi Mama. Daƙiƙa ɗaya ce, amma ya gani.

"Au, shekaranjiya nake nufi."

"To," in ji Sajan. "Allah ya sawwaƙe." Ya mai da rediyonsa yadda yake, a ransa kuwa ya ce da walakin, goro a miya.

Washegari aka fara. Sunan wasan wai Yi Yadda Na Yi. Auta ce a gaba, Mama a gefe tana haki, Tsigi a tsakiya. Auta ta ce, "Yi yadda na yi! Kaza ta buɗe fiffike!" Duk suka buɗe hannuwa suna faf-faf. "Kwaɗo ya yi tsalle!" Mama ta ce ita kam a yafe mata kwaɗo, gwiwarta ba ta wannan aikin ba ce. Aka tsinko mangwaro daga sama, aka matse wanki aka shanya, aka hau tsani, aka tuƙa keke a tsaye. Tsigi tana ƙyalƙyala dariya har tana faɗuwa. Minti ashirin aka tashi, Auta ta bar ta wajen Mama ta wuce aiki.

Sajan na kallo daga kujerarsa. Ya zauna yana tattara hujja, yadda ya saba.

Da farko dai, me ya hana a yi wasan a gidan Auta? Tsakar gidanta ta fi tasu faɗi. Sannan me ya sa sai daidai lokacin da ya fito shan rana, kuma daidai gaban kujerarsa, har fiffiken kazar Mama yana kusa da ture masa rediyo? Ya lura kuma kwaɗo sau ɗaya yake tsalle a wuce shi, amma mangwaro sai an tsinko goma. Ɗaga hannu, buɗe yatsu, dunƙule, miƙa, juya tafi sama. Ina ya taɓa ganin waɗannan? Ai bai manta ba.

Babbar hujjar kuwa ita ce Tsigi kanta. Wai yarinyar nan ce ba ta kwaikwayo! Yarinyar da ke zama a ƙasan keke tana taka iska da ƙafa in Mama na ɗinki. Yarinyar da ke kara takalmi a kunne tana ihu, "Ina hanya! Ina hanya!" sak ubanta. Shi kansa bai tsira ba. In ya yi gyaran murya ta yi, in ya kurɓi shayi da ƙara ta kurɓi iska, in ya haɗe gira ta tsaya a gabansa ta haɗe tata har sai ya kau da kai don kada dariya ta kuɓuce masa. In wannan ce mai baya a kwaikwayo, to biri ma sai a kai shi awo.

A mako na biyu suka fito da sabon salo. Auta ta ce, "Yau wasan mota za mu yi. Tsigi ce mota, Kaka ne ɗan sanda. Baba, don Allah ka tsayar mana da ita."

Tsigi ta riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari, ta taho da gudu tana buuu. Sajan ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa. Dukansu sun ƙura wa tawul ɗin ido. Sun san da wane hannu yake tsayar da mota. Ya bari sai da motar ta zo dab da gwiwarsa, sannan ya ɗaga dama a hankali. Tsigi ta ja birki da baki, ƙiiii. Mama ta saki ajiyar zuciya ta koma kan kekenta.

Gaskiyar magana, wasan ya yi masa daɗi, kuma wannan ya ƙara ba shi haushi. Ya koya wa Tsigi yadda ake kiran mota da yadda ake sallamarta, duk da dama. Ta liƙe masa. Da an sauke ta a ƙofa wajen kujerarsa take nufa, ko kallon Mama ba ta yi. Wani lokacin yakan manta kansa ya yi murmushi, sai ya hango Auta tana zungurar uwarta da gwiwar hannu, nan take ya mayar da fuska. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Bai taɓa kama direba ba tare da shaida a hannu ba, don haka ya jira. Ranar Alhamis ta mako na uku Mama ta tafi sayen zare. Ya tashi ya ja aljihun keken ɗinki. A ƙarƙashin almakashi da tef ɗin awo ya tarar da takarda a ninke huɗu. Takardar likitar gashi ce, mai zanen mutum yana motsa hannu iri-iri, wadda shi da kansa ya jefa a kwandon shara wata huɗu da suka wuce. A gefen kowane zane an yi rubutu da biro, rubutun Auta. Ɗaga hannu sama: tsinko mangwaro. Buɗe yatsu da dunƙulewa: matse wanki. Ware kafaɗa: kaza. A can ƙasa kuma an ja layi biyu a ƙarƙashin wasu kalmomi: wasan mota, wataƙila ya manta ya ɗaga.

Ya daɗe a tsaye yana duban layin nan. Sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Washegari da suka jeru za su fara, ya kashe rediyo. "Ku dakata. Ku zauna."

Suka zauna. Ya zaro takardar, ya ware ta da haƙori da hannu ɗaya, ya shimfiɗa a cinya.

"Wace nas ce ta duba Tsigi? Ya kamanninta? Doguwa ce ko gajeriya?"

Auta ta juya. Ta dubi Mama.

"Kada ki dube ta, ni za ki duba."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Auta. "Ba nas. Lafiyar Tsigi ƙalau. Ni na je wajen likitar gashi, ta ce in ba za ka zo ba mu nemi dabara. Baba, hannun nan sandarewa yake yi, kana gani, muna gani."

"Ni na tsince ta a shara," in ji Mama. "In laifi ne nawa ne, kada ka ga na yarinya."

"Wato ku uku kuka zauna, da likitar taku, kuka yanke cewa tsohon nan ya zama yaro, a yi masa wayo da kaza da kwaɗo. Kun ɗauki jikata kun yi tarko da ita. Kun ɗora wa lafiyayyar yarinya ciwon ƙarya, ko tsoron bakinku ba ku ji ba." Ya buga takardar da bayan yatsu. "Shekara talatin da ɗaya ƙwararru suna gwada ni ba su ci ba, sai ku? Daga yau kada in ƙara ganin wasan nan a gidana."

Auta ta tashi tana share ido da gefen mayafi. Mama ta zauna a kekenta, ta zura zare a allura, ba ta dube shi ba.

"To ka kama ɓarayi, Sajan," ta ce. "Ka yi nasara. Sai ka jiƙa ka sha."

Ya yi zaton zai ji daɗi. Ya ɗan ji, na kwana biyu. Tsakar gida ta koma shiru, daga rediyo sai ƙarar keke. Auta takan sauke Tsigi a ƙofa, ta gaishe shi a taƙaice ta wuce. Tsigi kuwa ba ruwanta da shari'ar manya, tana nan a gindin kujerarsa, ta zuba masa ido wuni guda. Tunda ba kaza ba mangwaro, ba wanda ya rage mata ta kalla sai shi.

Kwana tara bayan haka Auta ta shigo da sassafe, ko sallama ba ta yi da kyau ba. Idanunta sun yi ja.

"Mama, dubi hannun yarinyar nan. Kwana uku ke nan ba ta amfani da shi. Ko kofi da ɗaya take ɗauka, in zan sa mata riga sai mun yi kokawa. Jiya na kai ta asibiti, wallahi na kai ta, sun lanƙwasa, sun matsa, sun ce ba karaya ba targaɗe."

"Ni ma na lura," in ji Mama a hankali. "Na zaci wasa ne."

Sajan ya duba. Tsigi na tsaye a bakin ƙofa, hannunta na hagu a naɗe a ƙirji, 'yan yatsun a dunƙule.

Wani abu ya soke shi a zuciya, amma tsohon hali ya riga shi magana. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kai, sannunku da ƙoƙari. An shiga kashi na biyu ke nan? Wannan karon ba nas, asibiti ne gaba ɗaya. Kwana nawa kika yi kina koya mata?"

"Baba!"

"Ba a yi wa biri burtu. Da kun mai da ni yaro, yanzu kuma kun sa jikata tana yi mini ba'a a cikin gidana."

Auta ta ɗago kai. Wannan karon ba ta dubi Mama ba, shi ta duba, ido cikin ido, hawaye na zuba. Ya lura da hakan, kuma bai ji daɗin lurar ba. Ta juya ta fita, ta bar ƙofar a buɗe.

Duk da haka bai sauko ba. Ya ce a ransa akwai hanya ɗaya da ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yaron da aka koya wa abu don a gani yake yi, da zarar ba 'yan kallo zai saki. Da hantsi ya yi, Mama ta shiga kicin, sai ya miƙe ya ce da ƙarfi zai ɗan kishingiɗa. Ya ajiye tawul a kan kujera, ya shiga ɗaki, ya tsaya a bayan labulen taga inda yake ganin tsakar gida duka ba a ganinsa. Ya duba agogo. Ya ba ta minti biyar.

Tsigi ta waiga, ba kowa. Ta je ta ɗauko kofin roba ta ɗebo ruwa a bokiti za ta yi wa 'yar tsanarta wanka. Da hannu ɗaya ta ɗauko, rabin ruwan ya zube mata a ƙafa. Ta koma ta sake ɗebowa, ya sake zubewa. Hagun yana nan a ƙirji. Minti biyar suka wuce. Ya ƙara mata biyar.

Ta bar 'yar tsanar ta nufi kujerarsa. Ta kama hannun kujera da dama, ta ɗora gwiwa, ta zame. Ta sake, ta zame. A karo na uku ta haye da ciki da haɓa. Ta zauna daram, ta jawo tawul ɗin, ta yi ta fama har ta yafa shi a kafaɗar hagu ya rufe hannun. Ta haɗe gira. Ta yi gyaran murya. Ba wanda take yi wa, ko sau ɗaya ba ta dubi ƙofar kicin ba.

Sajan ya daina duban agogo. Ya nemi wata hujjar da zai riƙe, ya rasa. Yana nan tsaye sai kyanwar maƙwabta ta diro daga katanga. Tsigi ta sulmiyo daga kujera ta bi ta da gudu, tawul na jan ƙasa. Ƙafarta ta harɗe a ciki daidai bakin dakalin baranda.

Ya ga faɗuwar tun kafin ta kai ƙasa. Ya tayar da 'ya'ya huɗu, ya san yaro in zai faɗi hannu biyu yake tarewa da su, ba sai an koya masa ba. Tsigi ta miƙa dama kawai. Ta kife ta ɓarin hagu, bakinta ya daki siminti.

Bai san lokacin da ya fito ba, ɗingishin ma ya manta da shi. Ya durƙusa, ya sa dama ya ɗago ta, ya so ya rungume ta ya kasa, sai ya jingina ta da gwiwarsa. Leɓenta na ƙasa ya fashe, jini na bin haɓa. Tana tsala ihu, jikinta duk yana ɓari, amma hannun nan yana manne a ƙirji, ba ta sake shi ba. Mama ta fito a guje da tsumma da ruwa, ta goge, ta danna, ta ce ba zurfi, alhamdu lillahi. Ba ta ce masa komai ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Da kukan ya lafa ya zama shessheƙa, Sajan ya zauna dirshan a ƙasa, abin da bai yi ba tun kafin ciwo. Ya taɓa ɗan dunƙulallen hannun da yatsa.

"Tsigi, nan yana ciwo?"

Ta girgiza kai.

"To me ya sa ba kya miƙe shi?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. Ta nuna ƙirjinsa da haɓa.

"Irin na Kaka," ta ce.

Ba su koya mata ba. Shi ya koya mata, kullum, daga hantsi har azahar, a kan kujerar roba. Ya gane haka sarai, kuma ya ji kunyar da ta fi ta ɗakin likitar gashi nesa ba kusa ba. Ya ɗaga kai. Mama tana tsaye da tsumma a hannu. Ya so ya ce ta koma kicin, kalmar ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta.

Ya gyara zama, ya tsayar da Tsigi a gabansa.

"Yi yadda na yi," ya ce.

Ya ɗaga dama. Ta ɗaga dama, tana jan majina. Ya sauke, ta sauke. Sannan ya dubi hagunsa, ya cije haƙori, ya aika masa da umarni. Shiru. Wata biyar ke nan ba wanda ya tambayi hannun komai. Ya sake aikawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, wani zafi ya taso daga kafaɗa ya sauka har gwiwar hannu. Hannun ya motsa. Ya rabu da riga, ya yi gaba kaɗan, bai ma kai taƙin da aka yi masa tafi a kai ba, ya tsaya yana karkarwa a fili, a gaban matarsa, da rana tsaka.

Tsigi ta ƙura masa ido. A hankali ta raba nata da ƙirji, ta kawo shi gaba, ta tsayar da shi daidai inda nasa ya tsaya, ko yatsa ɗaya ba ta ƙara ba. Har karkarwar ta yi.

Gumi ya shiga masa ido. Kafaɗar tana ce masa ya isa haka. Yarinyar kuwa tana tsaye da kumburarren leɓe, hannu a rataye a iska, ba ta duban fuskarsa, hannun kawai take duba tana jira ta ga ko nan ne iyakarsa.

Sajan ya ja numfashi, ya ƙara ɗagawa.